Bugaje Ta Riga Birni: Ina Muka Baro Gidan Kakanninmu?

'Yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu waɗanda suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, muna neman aron hankalinku a kan wata magana wadda da yawa za su ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa in aka bi diddiginta za a tarar ta taɓa mutuncinmu baki ɗaya. Maganar kuwa ita ce ta tsofaffin gine-ginen garuruwanmu, watau ganuwa da ƙofofi da masallatai da soraye waɗanda kakanninmu suka gina da ƙasa da azara suka bar mana, mu kuma muka zuba musu ido suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, damina bayan damina.

Bari mu fara daga Bugaje. Da yawa daga cikinmu sun sha bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya, wasu don ziyarar dangi, wasu don cin kasuwa, wasu kuma don su ƙetara ta Magama da Ɗan Isa su shiga Maraɗi. A wannan yanki ne garin Bugaje yake. In ka tare ɗalibi a harabar jami'a ka tambaye shi abin da ya sani game da Bugaje, in ma ya taɓa jin sunan, iyakar abin da zai ce maka shi ne wani gari ne a ƙasar Jibiya, kusa da iyakar Nijar. Kaɗan ne ƙwarai za su iya gaya maka cewa labaran gargajiya na ƙasar Katsina suna lissafa Bugaje tare da Durɓi-ta-Kusheyi a cikin wuraren da mulki ya fara kafuwa a wannan ƙasa, tun kafin Birnin Katsina ya zama birni. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin waɗannan tsofaffin cibiyoyi a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. To, ga gari mai irin wannan asali, amma babu wata hasumiya da ake kai baƙo ya gani a can, sunansa kuma bai zauna a bakin 'yan makaranta ba. Babbar dukiyar da ta rage masa ta wancan zamani ita ce suna, da labari a bakin dattawa, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi.

Abin da muke so mu faɗa a wannan shafi guda ɗaya ne. Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, saki ke kashe shi. Ranar da masu gida suka daina shiga cikinsa, suka daina yi masa yaɓe, ran nan ya fara mutuwa, ko da kuwa shekararsa goma ce kacal. Muddin kuma ana shiga ana yaɓe, zai iya ganin jikokin jikoki. Bugaje madubi ce. Duk wanda yake so ya ga abin da zai sami sauran tsofaffin wurarenmu in muka ci gaba da halin da muke ciki, sai ya dubi yadda gari mai irin wannan girma a tarihi ya koma suna a gefen taswira.

Mu dubi abin da ya rage mana a cikin Birnin Katsina. Ga hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, wadda labari ke danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, zamanin da Musulunci ya zauna daram a fada, malamai irin su Shehu Magili suka ratso ƙasar Hausa. Masallaci ce a da, kuma wurin karatu, kuma daga samanta ake hango abin da ke tafe daga nesa. Ga Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, inda ake ajiye da takobin nan Gajere. Ga kushewun Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17 waɗanda suka sa aka san Katsina da ilmi. Ga kuma ƙofofin gari waɗanda kowane Bakatsine ya haddace sunayensu: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Ta Ƙofar 'Yanɗaka ce Lugga ya shiga birnin a 1903.

Amma ina ganuwar da waɗannan ƙofofi suke jikinta? Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851 ya kuma komo a 1853, ya ƙiyasta kewayenta ya kai mil 13 zuwa 14. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga mutanen da ba su da katafila, ba su da tifa, sai kwando da fartanya da ƙarfin damtse. A yau sai mutum ya yi da gaske kafin ya nuna wa ɗansa gutsuren da ya rage. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, an fasa ta don hanya, abin da ya saura kuma ruwa ya wanke. Wasu daga cikin ƙofofin an sake gina su da siminti, an shafa musu fenti, sun tsaya su kaɗai a tsakiyar titi, ƙofa babu gida. Yaron da aka haifa yau zai girma yana zaton Ƙofar Ƙaura sunan tashar mota ne ko sunan shatale-tale.

Durɓi-ta-Kusheyi, wadda take gabas da birni a ƙasar Mani, ta koya mana wani darasi dabam. Tuddan kushewun sarakunan Durɓawa suna nan. Razdan Palmer ya fara haƙa su a 1907, aka sake haƙawa a 1992 tare da masana daga Jamus, aka sami kayan tagulla da na zinariya da duwatsun ado da wuri, wasunsu daga ƙasashe masu nisan gaske suka zo. Har birnin Mainz na Jamus aka kai kayan don a gyara su a bincika. Ba mu ce laifi ne baƙo ya taimaka ba, amma lalle abin dubawa ne a ce sau biyu ana buɗe kushewun kakanninmu, sau biyun kuma sai da baƙo ya taso daga ƙetaren teku kafin mu san abin da ke ƙarƙashin gonakinmu. Haka nan kuma, wanda yake so ya ga kwaikwayon ginin fadar Katsina da masallacin Zariya da ganuwar Kano a wuri guda, sai ya tafi Jos, gidan ajiye fasahar gine-ginen gargajiya, wanda ya samo tushe daga aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, wanda ya shafe shekaru yana auna sorayen ƙasar nan yana zana su. Shi ya ga abin aunawa a inda mu muke ganin kango.

Domin a fahimci dalilin da ya sa muka ce saki ne ke kashe ginin ƙasa, ya kamata mu tuna yadda ake yin sa, don da yawa daga cikinmu sun fi sanin yadda ake zuba dakali a littafi bisa ga yadda aka gina ɗakin da aka haife su. Magini yakan sa a haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a cakuɗa da ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi ya bushe. Ana jera shi a tsaye ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya fara da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa da azara ake yi, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika yi mata ɓarna ba. Da ita ake ɗaure bakan gizo da ɗaurin guga waɗanda ke riƙe babban soro ba tare da ginshiƙin ƙarfe ba. Bayan haka sai a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, domin ruwa ya zame. A sa indararo ya fitar da ruwan rufi nesa da bango, a kafa zankwaye a kusurwa. Irin wannan ɗaki yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, kayansa kuma duk daga bayan gari suke.

Sai dai yana da sharaɗi guda. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, tilas a hau a duba rufi, a share indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga ginin ƙasa kuwa, ƙadangaren shi ne ruwa. Tsagar da ɗan yatsa zai toshe a watan Afrilu ita ce za ta kayar da soro a watan Agusta. A da, wannan aiki yana da masu shi. Kowane gari yana da Sarkin Magina da yaransa, kowace unguwa tana da sashenta na ganuwa da take gyarawa da rani, kowane maigida ya san lokacin yaɓe kamar yadda ya san lokacin shuka. Ginin yana raye domin akwai sana'a da tsari a bayansa. Da tsarin ya watse, sana'ar ta rasa magada, sai gini ya bi bayansu.

To, wa ya watsa tsarin? A nan ne maganar take da ɗaci, domin yatsa kanmu yake nunawa. Gaskiya ne mulkin mallaka ya kawar da amfanin ganuwa na tsaro, ya kuma kafa unguwannin Turawa a bayan gari, inda aka koya wa mutane cewa zaman girma shi ne gida a tsakiyar fili da rufin kwano. Amma Turawa sun tafi tun 1960. Waɗanda suka gaje kujerunsu, suka gaje gidajensu, suka kuma gaje rainin da suke yi wa cikin gari, su ne 'yan boko, watau iyayenmu a ilmi, mu kuma muna biye da su sau da ƙafa. Da kuɗin mai suka shigo, siminti ya zama alamar wayewa, har a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Ikko wata da watanni. Tun daga lokacin, duk wanda ya sami abin hannu, aikinsa na farko shi ne ya rushe zauren ubansa ya kafa bulo. A unguwarmu mun ga wani zaure mai ɗaurin guga, wanda aka yi karatun allo a cikinsa har zuriya uku, magada suka sayar, a cikin kwana biyu aka baje shi, aka jera shaguna. Babu wanda ya ɗauki hotonsa, babu wanda ya tambayi sunan maginin da ya ɗaure rufinsa. Mu da muke da karatu a unguwar muna tsaye muna kallo, wasunmu har suna cewa an ci gaba.

Abin mamaki shi ne, bokon da muke taƙama da shi a ɗakin ƙasa aka haife shi. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, da tubali da azara aka gina ta. A cikin waɗannan ɗakuna Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam, da Kashim Ibrahim. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin nata na asali yana nan tsaye a Katsina, ya haura shekara 100, domin an ba shi aiki, an mai da shi gidan tarihi, ana shiga ana fita. Gobarau ma ta kawo yau ne domin an sha gyara ta. Waɗannan biyu su ne shaidunmu: wanda aka riƙe ya tsaya, wanda aka saki ya tafi.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne, don haka ya wajaba mu amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko zai ce: mutanen ƙasar Jibiya da Batsari da Safana sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, an kashe, an sace, an tashi ƙauyuka, yunwa kuma tana nan, wane mai hankali ne zai zo yana kukan ganuwa? Mun yarda rai ya fi gini, babu tantama. Amma mu lura, tashin hankali shi ne babban mai kawo saki. Ƙauyen da ya watse damina biyu, gidajensa sun zube; dattijon da ya rasu a gudun hijira, ya tafi da jerin sunayen masu garinsu da labarin inda tsohon gari yake. Saboda haka halin da ake ciki dalili ne na gaggautawa. Kuma mutanen da aka raba da gonakinsu suna bukatar abin da zai shaida cewa wurin nasu ne tun kaka da kakanni, ranar da za su koma.

Na biyu zai ce: ginin ƙasa yana kisa. Zai tuna mana ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, da wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka. Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Zai tuna mana kuma tsohon masallacin Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, wanda ruwan sama ya kayar a watan Satumba 2024. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Darasin da ya kamata mu ɗauka shi ne, tsohon gini yana bukatar idon gwani a kai a kai, kuma gwanayen da suka san ciwon azara da tubali sun kusa ƙarewa. Benayen siminti ma suna rushewa a Ikko da Kano da Abuja, ba mu ji wanda ya ce a daina siminti ba; cewa ake yi a tsananta bincike. Haka muke cewa a nan.

Na uku, wanda ya fi kusa da zuciyar ɗalibai masu ra'ayin talakawa, zai ce: ganuwa da fada alamun sarauta ne, da gumin bayi da talakawa aka gina su, me zai sa mu yi musu kuka? Gaskiya ne da guminsu aka gina. To, ai shi ya sa. Sarakuna suna da jerin sunayensu a rubuce, suna da maroƙa da tambura masu tuna su. Talakan da ya ɗauki kwandon ƙasa a kansa ba shi da komai sai wannan bango. Shatar yatsunsa tana jikin tubalin da ya mulmula. In aka baje ganuwa, sunan sarki yana nan a littafi, aikin talaka ne aka shafe. Kuma wanda ya amfana da bajewar ba talaka ba ne, mai sayen fili ne da ɗan kwangila.

Na huɗu zai yi tsoron kada kula da tsofaffin wurare ya kai ga girmama kushewa da abubuwan jahiliyya. Ba mu kira kowa ya roƙi kango ko ya shafi dutse ba. Kiranmu na sani ne da kiyayewa. Addininmu da kansa ya umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi abin da ya sami waɗanda suka gabace mu, mu ɗauki izina. Yaya za a ɗauki izina daga abin da aka share?

Har ila yau, matsayin Bugaje a bakin iyaka yana tuna mana wani abu da littattafan makaranta suka ɓoye mana. Tarihin Katsina rabi ne a Nijeriya, rabi a Nijar. Bayan da birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar Korau suka yi arewa, daga baya suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗankasawa. Har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma sarautun Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka da Galadima suna can kamar yadda suke nan. Iyakar da ta raba mu kuwa Ingila da Faransa ne suka shata ta a takarda, da yarjejeniyar da suka ƙulla a 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamu har 1908. Tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari ambaliyar Gulbi ta cinye shi a 1945, aka mayar da gari kan tudu. Ke nan su ma sun yi hasarar gine-gine, amma sun riƙe labarai da waƙoƙin fada da al'adun da a nan suka shuɗe. Mu muna da Gobarau da Gidan Korau, su suna da wani sashe na bayanin abin da aka yi a cikinsu. An rufe wannan iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023, kowane karo kuma an lissafa hasarar shinkafa da man fetur, ba a lissafa ta zumunci da ta ilmi ba.

Maƙwabtan namu kuma sun nuna cewa abin da muke faɗa mai yiwuwa ne. A Agadas, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye ana kiran salla a gindinta, tsohon garin kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali, wadda ta shiga jerin tun 1988, kowace shekara mutanen gari ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu, itatuwan da ke fitowa daga bangon su ne matakalar masu yaɓe. A garin Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a da ƙasa tun daga 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Mutumin karkara ne, da irin ƙasarmu ya yi aiki, duniya ta zo ta sara masa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Haka nan in ka ga gonarsa ta yi kyau, ka tambaye shi irin da ya shuka.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce talaka ya zauna a ɗaki mai yoyo domin mu masu albashi mu zo mu ɗauki hoto mu koma gidan gwamnati ba. Wannan zalunci ne da munafunci. Kowa yana da haƙƙin ya gyara muhallinsa yadda ya ga dama. Abin da muke nema shi ne a ware abin da yake na jama'a duka a kiyaye shi, a rubuta abin da ba za a iya kiyayewa ba kafin ya tafi, a kuma raya sana'ar da za ta sa mai son ginin ƙasa ya sami wanda zai yi masa mai kyau.

Saboda haka ga shawarwarinmu. Da farko, ga ɗalibai: kowane ɗayanmu yana da gari, kuma kusan kowa yana da waya mai ɗaukar hoto da murya a aljihunsa. A hutun nan mai zuwa, kowa ya zaɓi gini guda a garinsu, zaure ne ko masallaci ko gutsuren ganuwa ko tsohuwar rijiya, ya nemi izinin masu shi, ya auna tsawo da faɗi, ya ɗauki hoto, ya zauna gaban dattijo da ladabi ya tambaye shi wa ya gina, a zamanin wa, me aka yi a ciki. Ƙungiyar ɗalibai ta tattara waɗannan ta miƙa wa sashen tarihi na jami'a. 'Yan ƙasar Jibiya da ke cikinmu su fara da Bugaje, ta hannun masu gari. Inda hanya ba ta da aminci kada kowa ya sayar da ransa, dattawan da suka yi hijira ana iya samunsu a Jibiya da Katsina.

Na biyu, ga yayyenmu ma'aikata, musamman na ofisoshin filaye da ayyuka da ƙananan hukumomi: ganuwa ba ta ɓacewa sai da sa hannun wani. Kowace takardar fili da aka yanka a kanta ta bi ta teburin wani akawu, wani mai safiyo, wani sakatare. Akwai doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana taɓa duk wurin da aka ayyana abin tarihi ne. Ku karanta ta, ku ajiye ta a aljihun tebur. Ranar da fayil ya zo gabanku, ku rubuta gaskiya a kansa ko da na sama zai ƙetare ta. Rubutun zai zauna shaida. Haka kuma manyan ayyuka irin su layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, hanyarsa kuma ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya: duk aikin da zai tone tsohuwar ƙasa irin wannan, ya kamata masu binciken kufai su riga katafila isa wurin.

Na uku, a nemo sauran gwanayen magina tun suna raye, a kawo su sassan koyar da gini na jami'o'i da kwalejojin fasaha, a ba su kujera da albashi a matsayin malamai, domin abin da ke kansu babu shi a littafi. Gwamnati kuma ta riƙa ba su aikin gaske, ɗakin karatu ko zauren taro, don matasa su ga sana'ar tana ciyar da mai ita. Na huɗu, a sa rana guda kowace shekara kafin faɗuwar damina, a yi gayyar yaɓe a Gobarau da sauran gutsattsarin ganuwa, ƙarƙashin jagorancin magina, mu ɗalibai mu ne masu ɗaukar kwando. Na biyar, sassan tarihi na jami'o'in Katsina su ƙulla zumunci da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, a riƙa musayar ɗalibai da abin da aka tattara, domin a haɗa rabin nan biyu wuri guda.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar miliyoyi. Abin da suke bukata shi ne mu daina jin kunyar ƙasar da aka gina mu da ita. Kakanninmu sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun je makaranta ne domin mu komo mu gyara gida, kuma nan da 'yan shekaru mu ne za mu zauna a kujerun da ake yanke hukuncin abin da za a rushe da abin da za a bari. Wata rana ɗan wani daga cikinmu zai tambaye shi ina Gobarau take. Muna roƙon Allah ya sa a ranar ya kama hannun yaron ya kai shi gindinta, ya nuna masa inda shi ma ya taɓa sa hannu ya yi yaɓe. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida. Amin.